Aibi A Kayan Nutso: Haƙƙin Wanda Bai Halarci Ciniki Ba



Duk wanda ya san ƙasar Kafin Hausa ya san cewa ruwa ne arzikinta, ruwa ne kuma fargabarta. Wani reshe na kogin Haɗeja, wanda ake kira da sunan garin, ya ratsa ƙasar ya gangara wajen kogin Jama'are, ya bar wa mutane fadamu na shinkafa da wuraren kamun kifi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan wannan yanki ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da yawa, har ya zamana idan damina ta yi nauyi, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, sai ruwa ya bar hanyarsa ya shiga gonaki da gidaje, kwalekwale ya zama shi ne motar jama'a. Idan kuwa kwalekwale ya kife, ko yaro ya faɗa kududdufi, ko wani ya zame cikin rijiya, ba a cigiyar kowa sai mai nutso.

Masu nutso na gargajiya masunta ne, waɗanda suka gaji ruwa iyaye da kakanni, suna aiki ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Jarinsu shi ne numfashin da ke cikin ƙirjinsu, shi kuwa ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan hankalin jama'a ya koma ga kayan zamani, watau rigar ceto wadda ke hana mutum nutsewa, da kayan nutso waɗanda ke ba mutum damar yin numfashi a ƙarƙashin ruwa. Irin waɗannan kaya ba a ƙera su a Dutse ko Haɗeja, daga nesa ake kawo su, a cikin kwali, mai saye bai san maƙerinsu ba, sau da yawa ma shi kansa mai kantin bai taɓa sa su a jikinsa ba.

Kafin a shiga hukunci ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake, domin malamai sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san siffarsa. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera irin na'urar da ake amfani da ita yanzu, a shekarar 1943. Mai nutso yana goya tukunyar ƙarfe wadda aka ɗura wa iska aka matse ta ƙwarai, har ƙarfinta ya kai kimanin ninki 200 na iskar da ke kewaye da mutum a tudu. Babu huhun da zai iya karɓar wannan kai tsaye, shi ya sa aka sa wata na'ura tsakanin tukunya da baki, wadda ke rage ƙarfin iskar ta miƙa wa mutum gwargwadon abin da ya shaƙa. Akwai tiyo da ke haɗa su, da ƙananan zobba na roba da ke toshe mahaɗa, da wani agogo mai nuna sauran iskar da ta rage. Shi kuma ruwa yana da nasa nauyi. Duk zurfin mita 10 yana ƙara wa jiki matsi daidai da na iskar tudu baki ɗaya, saboda haka mutumin da iskarsa ta yanke a ƙasa, ya firgita ya taso da sauri yana riƙe da numfashi, iskar da ke ƙirjinsa za ta kumbura yana tasowa, tana iya yaga masa huhu ko da ya tsira daga nutsewa. Haka nan idan injin da ya ɗura tukunyar ya zuƙi hayaƙinsa, gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, sai dai mutum ya ji kansa ya yi nauyi a inda babu mai ganinsa. Watau dai ɗan zoben roba wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba yana iya zama shi ne tsakanin mutum da ajalinsa.

To, a ƙaddara masuntan wani ƙauye na ƙasar Kafin Hausa sun yi karo-karo, sun tura ɗaya daga cikinsu birni ya sayo kayan nutso sababbi ful da rigunan ceto, aka ba shi rasit, a ƙasansa an rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayar da su. Ranar da aka fara gwadawa a bakin gaɓa sai aka ga kumfa na fita daga mahaɗar tiyo, allurar agogo kuma ta kafe wuri ɗaya, ɗaya daga cikin rigunan ma ɗinkin maɗaurinta ya saki da jan farko. Wani ya ce a mayar. Wani ya ce tafiyar da nisa, kuɗin mota ma asara ne, a kai wa mai faci ya liƙe. Wani ya ce a sayar wa mutanen ƙetaren kogi da ɗan rangwame, a huta. Wani dattijo kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi amfani da su haka nan. Wace magana ce Shari'a ta yarda da ita a cikin huɗun nan?

Asalin ciniki a Musulunci yarda ce. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, ta halatta kasuwancin da aka yi bisa yardar juna. Yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka ɓoye, domin wanda ya biya kuɗin lafiyayyen kaya, lafiyayye ya yarda da shi, ko bai faɗa da baki ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wajen wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai abincin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi dalilin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya barranta daga mai yin algus. Abin lura a nan shi ne, mutumin bai yi ƙarya ba, ruwan sama ne da gaske, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Laifinsa kawai shi ne inda ya ajiye jiƙaƙƙen. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu cewa masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar.

A kan wannan tushe malaman mazhabar Imam Malik suka gina babin da suke kira zaɓin aibi. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya wuce ta kansa. Taƙaitawarsa ita ce, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi wanda bai gani ba lokacin ciniki, kuma aibin yana rage daraja ko amfani, yana da zaɓi biyu: ya riƙe kayan a kan kuɗin da ya biya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif. Idan wani sabon aibi mai tasiri ya auku a hannunsa kafin ya gane tsohon, to, ko ya riƙe ya karɓi arshi, watau ragin kuɗi gwargwadon tsohon aibi, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Wannan haƙƙi yana nan ko mai sayarwa ya san aibin ko bai sani ba. Bambancin kawai shi ne wanda ya sani ya ɓoye, wanda ake kira mai tadlisi, yana da zunubi, kuma hukunci ya fi tsananta a kansa. Idan kayan suka halaka sabili da aibin da ya ɓoye, zai mayar da kuɗi duka ko da babu abin da za a miƙa masa, kuma ɗawainiyar mayar da kayan inda aka saye su tana wuyansa. Wannan ya amsa kukan mai cewa kuɗin mota asara ne. Amma fa aibin da yake a fili, wanda mai saye ya juya kaya ya gan shi, babu mayarwa a kansa, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Saura maganar rubutun da ke ƙasan rasit. Malamai sun san wannan dabara tun da daɗewa, suna kiranta cinikin barranta, watau mai kaya ya ce ya wanke hannunsa daga kowane aibi. Malaman Hanafiyya sun inganta shi. Amma mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne irin wannan sharaɗi ba ya amfanar ɗan kasuwa a kayan sayarwa irin tufafi da ƙarafa da dabbobi, balle kuma a ce ya san aibin. Muhtasar na Shaihu Halil ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani filla-filla, ko ya nuna shi da hannu, kada ya dunƙule shi cikin magana ɗaya. Saboda haka mai cewa "na sayar maka yadda ka gan shi" bai sauke nauyi ba, matuƙar ya san wurin da tiyo ke yoyo bai ɗora yatsa a kai ba. Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya, domin dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko haɗari, kuma rubutun rasit ba ya soke wannan dama.

Akwai wata mas'ala mai ɗan sarƙaƙiya wadda ɗan kasuwa mai ilmi zai iya fakewa da ita. Malikiyya sun ce aibin da ba a iya gane shi sai an fasa abu ko an yanka shi, kamar ɓarnar ƙwaro a cikin itace, ko ɗacin kokwamba, ba a mayarwa sabili da shi, domin mai saye da mai sayarwa duk ɗaya suke wajen jahiltarsa. Sai mai kanti ya ce, ai ni ma a rufe aka kawo mini kwalin. Wannan hanzari bai karɓu ba. Su malaman da suka faɗi haka sun cire ƙwai daga cikin hukuncin, suka ce ana mayar da ruɓaɓɓensa, saboda akwai hanyar gane shi ba tare da an fasa ba. Kayan nutso kuwa sun fi ƙwai sauƙin gwadawa: a buɗe iska a tsoma mahaɗa cikin bokitin ruwa a duba kumfa, a gwada agogo da wani agogo, a karanta ranar gwaji da aka buga a kafaɗar tukunya, wanda a ƙasashe da yawa ake sabunta shi duk shekara 5. Bugu da ƙari sun ce idan akwai sharaɗi ko al'adar mayarwa, to, ana mayarwa, ita kuwa takardar garanti da ke cikin kwali sharaɗi ce rubutacce. Mai kanti ya karɓa daga mai saye, shi kuma ya koma wa wanda ya sayar masa, a bi silsila har a kai ga maƙera.

Kada wani ya zaci wannan baƙon tsari ne da aka aro daga Turawa. Baturen nan mai yawon bincike, Kyaftin Clapperton, ya shiga Kano a 1824 zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya ba da labarin abin da ya gani a kasuwarta. Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkudi a ƙunshe, ya kai har Barno ko wata ƙasa mai nisa, sa'an nan ya kwance ya tarar ba mai kyau ba ne, sai ya aiko da shi, domin an rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi, dillali ya nemo mai kaya, dokar Kano kuma ta tilasta masa mayar da kuɗi. Wannan fa a zamanin jaki da raƙumi ke nan, sa'ad da tafiyar Barno ke cin makonni. Abin kunya ne a ce a zamanin waya da mota ɗan kasuwa ya fi kakansa wuyar samu.

Shi ma mai saye akwai abin da ke kansa. Haƙƙin mayarwa yana faɗuwa da duk abin da ke nuna yarda, ko magana, ko aiki, ko dogon shiru. Wanda ya ga aibi a dabba ya ci gaba da hawanta ba da larura ba, ya yarda ke nan. Wanda ya yi shiru ba da uzuri ba kamar kwana guda, sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ne kafin a karɓa, idan kuwa ya daɗe ƙwarai, ya yi asarar haƙƙinsa. Idan mai sayarwa ba ya kusa, sai ya kafa shaidu cewa bai yarda ba, in ya rasa yadda zai yi ya sanar da alƙali. Saboda haka wanda ya ce a kai wa mai faci ya ba da shawarar da za ta ɓata musu hujja, gama da zarar an sa gam a tiyo, mai kanti ya sami abin cewa. Idan gardama ta tashi a kan ko aibin tsoho ne ko sabo, masana sana'ar ake tambaya, har ma Shaihu Halil ya ce idan an rasa adilai ana karɓar maganar wasunsu ko da ba Musulmi ba ne, domin wannan bayani ne na sani. Bai halatta kuma mai saye ya fasa abu da gangancinsa sa'an nan ya ce haka ya same shi. Algus ba ɗan kasuwa kaɗai ke yinsa ba.

Duk wannan bayani da ya gabata hukuncin dukiya ne, kuma da a ce butar shayi aka saya, da magana ta ƙare a nan. Mai buta yana iya yafewa, yafewar ma ta fi lada. Amma ita wannan aya ta Suratun Nisa'i wadda ta yi maganar kasuwanci bisa yarda, ba ta ƙare ba sai da ta hana kashe rai, kuma a nan ne kayan nutso suka rabu da buta. Zaɓin da malamai suka ba mai saye, na ya riƙe ko ya mayar, zaɓi ne a kan kuɗinsa. Kuɗinsa mallakarsa ne, yana iya barinsu. Ransa kuwa amana ce a hannunsa, ba shi da ikon yin rangwame a kansa, balle ran wani. A kowane ciniki na irin waɗannan kaya akwai mutum na uku wanda bai je kasuwa ba, bai ga rasit ba, ba a nemi yardarsa ba: saurayin da za a ɗaura wa tukunya a ce ya sauka, da matar da za a miƙa wa riga a cikin kwalekwale, da wanda ke ƙasan ruwa yana jiran a zo a ɗauko shi. Mai saye da mai sayarwa suna iya shiryawa a kan ragin Naira kaza, su yi musafaha, kowa ya tafi yana murna, alhali kuwa abin da suka yi rangwame a kansa numfashin wani ne. Riga mai sakakken maɗauri ma ta fi rashin riga sharri ta wata fuska, domin wanda ba shi da riga yana tsoron ruwa yana kaffa-kaffa, wanda aka sa wa ruɓaɓɓiya kuwa ya saki jiki.

Daga nan hukuncin mai cewa a sayar wa mutanen ƙetare ya fito fili. Wanda aka cuta ba ya samun lasisin cutar wani. Da zarar ya san aibi, ya koma matsayin mai tsibin abincin nan, ya sani, kuma in ya yi shiru shi ne mai tadlisi. Rangwamen da ya yi ba bayani ba ne, domin mai saye zai zaci arha ya samu. Malaman tarihi sun ambaci cewa Imam Abu Hanifa, wanda ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa, ya aika wa abokin cinikinsa kaya ya gaya masa akwai aibi a wani tufa, ya bayyana wa mai saye. Abokin ya sayar ya manta, ba a kuma san wanda ya saya ba, sai Imam ya yi sadaka da kuɗin kayan. Wannan a kan tufa ke nan, wanda iyakar cutarsa ya yage a jikin mutum. Har ma ana iya cewa bayani kansa ba ya wadatarwa a kowane hali. Idan aibin irin wanda ba ya gyaruwa ne, kamar tsaga a jikin tukunya, kuma an san mai sayen nutso zai yi da ita, to, sayar masa taimako ne a kan halaka ko da an gaya masa, sai dai a huda ta a sayar wa 'yan gwangwan a matsayin ƙarfe.

Shi ma mai kanti, idan aka mayar masa ya karɓa da sakin fuska ya biya kuɗi, ya yi abin yabo, hadisin Abu Dawuda ma ya yi alkawarin yafewar Allah ga wanda ya karɓi mayarwa daga ɗan'uwansa ko da babu aibi. Amma tambayar ita ce, ina kayan suka nufa bayan mai saye ya juya baya? Idan ya goge su ya mayar cikin kwali ya liƙe ya ɗora a kanta, to, jiya yana da uzurin rashin sani, yau ba shi da shi. Malamai sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a wani ya faɗa, ko da ba shi ya tura shi ba, domin shi ne sanadi. Wajibinsa ya ware kayan, ya sa musu alama, ya duba 'yan'uwansu da suka zo tare, ya sanar da wanda ya kawo masa, kuma ya nemi waɗanda suka riga suka saya. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan kaya sukan buga lamba a jikin kowane ɗaya don haka, idan aka gano aibi a wani rukuni sai a yi shela a janye shi. Sunan dillalin da mutanen Kano ke rubutawa cikin ƙunshin turkudi shi ne wannan lamba, sai dai zamani ya bambanta.

Nauyin bai tsaya kan masu ciniki ba. An ruwaito cewa wani mutum ya sayi taguwa a gidan sahabi Wasila ɗan Asƙa'u daga hannun wani, da ya fita da ita sai Wasila ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko an gaya masa abin da ke jikinta, kuma nama yake so ko tafiya. Mutumin ya ce hajji zai je a kanta, sai Wasila ya nuna masa ciwon da ke tafin ƙafarta. Mai taguwa ya yi fushi ya ce an ɓata masa ciniki, Wasila ya amsa da abin da ya ji daga Manzon Allah, cewa bayani wajibi ne a kan mai sayarwa, wajibi ne kuma a kan duk wanda ya sani. Tambayar nan ta nama ko tafiya tana da zurfi, domin ta nuna cewa girman aibi yana bin abin da za a yi da kaya. Ta kuma nuna cewa yaron kanti da ya ga an mayar da kaya, da makanikin da aka kai wa, da dillali, ba su da damar cewa a bar kaza cikin gashinta. Faɗin aibin kaya ga wanda zai cutu nasiha ce, ba giba ba ce.

Wanda aka aika sayayya, ko ɗan ƙungiya ne ko ma'aikacin hukuma, wakili ne, hukuncinsa ya fi na kowa ƙunci. Malikiyya sun ce wakilin da ya sayi abu mai aibi yana sane, cinikin ya hau kansa, ba kan wanda ya aike shi ba, sai fa in aibin ƙanƙane ne kuma an sami arha ta gaske. Aibin da ke yanke numfashi kuwa ba ya cikin ƙanana ko da girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Saboda haka wanda ya sa hannu a takarda cewa an karɓi kaya lafiya alhali bai gwada ba, ko ya gwada ya kau da kai don kunyar ɗan kwangila ko don wani abu da aka sa masa a aljihu, ya yafe abin da ba nasa ba, ya kuma ba da shaidar zur.

Maganar dattijo ta tsautsayi gaskiya ce da aka ajiye ba a wurinta ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya, amma wanda ya zo da imani da ƙaddara shi ne ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Ƙaddara abin haƙuri ce bayan abu ya auku, ba a kafa hujja da ita a kan sakaci tun kafin ya auku.

Akwai hali ɗaya mai wuya da ya rage. A ce kafin a sami damar mayarwa sai kwalekwale ya kife, babu wasu kaya a garin sai waɗannan. Ta fuskar dukiya babu damuwa, domin malamai sun ce matafiyin da larura ta sa ya hau dabbar da ya ga aibinta bai rasa haƙƙin mayarwa ba, wannan kuwa ya fi shi larura. Ta fuskar rai kuwa sai a duba irin aibin, kuma masanin kayan ne zai faɗa, ba mai ƙarfin zuciya ba. Rigar da maɗaurinta ya saki ana iya ɗaure ta da igiya a jefa wa wanda ke shawagi a saman ruwa, gama ta fi babu. Amma idan aibin yana hanyar iska ne, ko ana shakkar abin da aka ɗura a tukunya, ba a sauka da ita, sai masunta su koma ga numfashinsu da suka sani iyakarsa, a ɗaura wa mai sauka igiya a ƙugu, wani ya riƙe bakinta a kan gaɓa. Wanda kuma bai koyi aiki da kayan a wurin gwani ba, kada a ɗaura masa su ko da lafiyarsu ƙalau. Allah ne Masani.